Kafin Katafila Ta Iso Ƙauyenku: Wa Zai Rubuta Tsoffin Gine-ginenmu?

Bayan Babbar Sallah da ta wuce na je ƙauyen kakannina da ke bakin kogin Rahad, na tarar babu tsohon masallacinmu. A inda yake sai tarin yashi da rodi da bulo, ga leburori suna haƙa tushe. Wani ɗan garin da Allah ya buɗa wa a Saudiyya ne ya aiko da kuɗi a gina sabo, lajnar masallaci ta zauna ta amince, aka ɗauko hayar katafila. Tsakanin hantsi da azahar ta gama da shi. Allah ya saka wa mai kuɗin da alheri, don niyyarsa mai kyau ce, kuma masallacin ya yi wa jama'a kaɗan tun tuni. Ranar Juma'a rabin mutane a rana suke sallah. Amma wallahi da na tsaya a wurin sai na ji kamar an yi mini rasuwa.

Ginin ƙasa ne, da bakan gizo biyu a ciki, da azarar giginya da hayaƙin fitila ya mayar baƙa wuluk. Dattawa suna cewa wani magini ne daga ƙasar Kano ya gina shi. Yana kan hanyar hajji a ƙafa ya yada zango don neman guzuri, sai zama ya ɗore har ya rasu a nan. Suna kuma cewa an yi sallah a cikinsa kafin jirgin ƙasa ya fara wucewa ta Hawata. In haka ne, to ya cika shekara ɗari ko ya kusa. Ƙyaurensa na katako yanzu yana rufe garken awakin wani. Ni da nake wannan rubutu a cikinsa na koyi sallah, ina da waya mai kyamara a aljihu shekara da shekaru, kuma ba ni da hotonsa ko guda. Saboda haka ba zan ɗora wa kowa laifi in tsame kaina ba.

Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, a dokar ƙasar nan irin wannan gini yana da matsayi. Tun 1905 Sudan take da dokar kare kayan tarihi, aka sabunta ta a 1952, sannan aka yi wadda ake aiki da ita yanzu a 1999. A wannan doka, duk abin da mutanen baya suka bari, gini ne ko abin da ake iya ɗauka, in ya kai shekara 100 ya shiga sahun kayan tarihi. Ta kuma ba hukumar kula da kayan tarihi da gidajen adana su, wadda muka fi sani da Hai'atul Asar, ikon sa wani gini a wannan sahu ko da bai kai shekarun ba, matuƙar ta ga ƙasa tana da maslaha a kiyaye shi. Dokar ba ta ce sai ginin dutse ba, ba ta ce sai na sarki ko na Bature ba. Masallacin ƙauye da tsohuwar rijiya da maƙabartar da aka daina binne mutane a cikinta, duk suna iya shiga. Sai dai doka ba ta da ƙafa. In ba wanda ya rubuta ginin, ya auna shi, ya kai takarda, hukuma ba za ta san da shi ba, balle ta kare shi.

Mu duba abin da aka sani. In aka ce kayan tarihin Sudan, hankalin kowa arewa yake tafiya. UNESCO ta sa Jabal Barkal da kewayensa cikin jerin kayan gadon duniya a 2003, ta sa dalolin Bajarawiya da Naƙa'a da Musawwarat a 2011. Su ne a littafin da nake koyarwa, kuma sun cancanta, namu ne duka a matsayinmu na 'yan ƙasa. A nan wilayar Gadarif kuwa, in aka matsa wa mai ilimi ya ambaci wurin tarihi, Gallabat zai ce. Yana da gaskiya. A can ne sarkin yaƙin Mahdiyya Hamdan Abu Anja ya rasu a farkon 1889, a can aka binne shi. A can ne kuma, a watan Maris na shekarar, rundunar Ansar ƙarƙashin Zaki Ɗamal ta gwabza da ta Habasha, Sarki Yohannes na Huɗu ya samu raunin da ya zama ajalinsa. A Yulin 1940 sojojin Italiya suka ƙwace sansanin da ke kan tudun garin, a Nuwamba Birgediya Slim na Ingila ya kai hari don ƙwato shi. Garin Gadarif kansa, da ake kira Suk Abu Sin a da, a Satumbar 1898 ya fita daga hannun Ansar, lokacin da Kanar Parsons ya taso masa daga Kasala.

To, duk wannan tarihin yaƙi ne da na masu mulki. Amma Gallabat ɗin nan wa ya zaunar da ita kafin yaƙe-yaƙen? Takarir ne, mutanen yamma masu tafiya Makka da masu dawowa, waɗanda suka tsaya suka yi noma da kasuwanci har suka yi shehunansu. Baturen nan Samuel Baker ya iso garin a 1862, ya rubuta labarin kasuwarsu da audugarsu a littafinsa na 1867. Ina jan kunnen 'yan'uwana masu ɗoki: ba duka Takarir ne Hausawa ba. Shi Baker daga Darfur ya ce suka fito, kuma sunan ya haɗa jama'u da yawa na yamma. Kada mu ƙwace tarihin wasu don neman namu. Abin da za mu iya cewa ba tare da tsoron musu ba shi ne, hanyar alhazai da ta kawo kakanninmu tsohuwa ce a wannan yanki, ta girmi iyakokin da Turawa suka zana.

Babban tashin kuwa kowa ya san shi. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi ranar 27 ga Yuli, 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, har suka zauna a bakin Nilul Azrak kusa da Sinnar, garin da ake kira da sunansa har yau. A shekarun da suka biyo baya Hausawa da Fulani da Barebari suka bazu a bakin Dindir da Rahad da Atbara da Sitit, suka sare daji, suka yi gonaki da lambuna, suka kama su. Da guminsu aka gina madatsar Sinnar da aka gama a 1925, da hannunsu aka tsinci audugar Jazira. Layin dogo ya iso Gadarif daga Kasala a 1928, ya kai Sinnar a 1929, ya bi ta Shuwak da Ƙala'an Nahal da Hawata. Ku yi lissafi da kanku. Ƙauyukanmu da yawa yanzu suke cika ɗari, ko sun cika kwanan nan. Tashoshin jirgin da suka zama kango su ma nan da 2028 za su fara cikawa. Wato yanzu ne ƙofar dokar 1999 take buɗe mana, kuma yanzu ne muke rushe abin da za mu shiga da shi.

Akwai dalilin da ya sa abin da ya rage mana kaɗan ne. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce, da damina ta kumbura, da rani ta tsage har ƙafar jaki ta faɗa. Katangar jalus ba ta daɗewa a kanta in ba ana yi mata yaɓe duk shekara ba. Shi ya sa mutanen nan, mu da maƙwabtanmu, muka zauna a guttiya ta kara da ciyawa, wadda gara da gobara ba sa barin ta ta tsufa. Ba mu da Gidan Makama irin na Kano, ba mu da hasumiyar Gobarau irin ta Katsina. Abin da muke da shi shi ne masallacin ƙasa ɗaya a nan, zauren tsangaya ɗaya a can, rijiyar da aka yi wa baki da dutse, hafir ɗin da aka haƙa da gayya, kukar da malamin farko ya sauka a gindinta, kufan da aka tashi daga gare shi shekarar ambaliya, da maƙabarta. Da yake kaɗan ne, rushe guda ɗaya asara ce babba. In masallacin ƙauyenmu ya tafi, babu na biyu irinsa a yankin da zan kai yara su gani.

Wani zai ce, malam, to sai me? Ƙasa ce ta koma ƙasa. Amsata tana cikin abin da ya faru a Yulin 2022 a wilayar Nilul Azrak. Rikicin ya taso ne a kan ƙasa da kuma neman da Hausawa suka yi na a ba su masarauta a cikin idara ahliyya. An rasa rayuka da yawa, dubbai suka bar gidajensu, mu ma nan Gadarif da Kasala muka fita kan titi. Maganar da aka riƙa jifan mu da ita a lokacin ita ce wadda muka saba ji tun muna yara: baƙi ne, jiya suka zo. Duk wanda ya taɓa tsayawa layin neman jinsiya ko lambar ƙasa aka ce ya kawo shaidar kakan kakansa ya san zafin wannan kalma. Mun amsa da baki, mun amsa a Facebook. Masana irin su Farfesa Al-Amin Abu Manga, da littafinsa na 1999 a kan Hausa a Sudan, da Mark Duffield da nasa na 1981 a kan Mai Wurno, sun rubuta abin da suka rubuta. Amma littafi yana ɗakin karatu a birni. Masallacin da ya girmi layin dogo yana tsaye a gaban kowa, ko wanda bai iya karatu ba yana ganin sa. Irin wannan shaidar ce muke biyan kuɗin katafila ta share mana.

A nan sai in yi wa kaina da masu karatu iyaka. Rajistar kayan tarihi ba takardar mallakar gona ba ce, kuma duk wanda ya mayar da ita makamin faɗa da maƙwabci ya ɓata ta. Rijiyoyin Shukuriyya a Buɗana, da gidajen nazirorin Dabaina, da tsangayun Masalit da na Fulani, su ma suna zubewa ba mai rubuta su. Jeri ɗaya nake kira a yi na wilaya baki ɗaya, namu a ciki kusa da nasu. Yaron da ya ga sunan masallacin kakan abokinsa a shafi ɗaya da rijiyar kakansa, zai yi wuya a zuga shi gobe ya je ya ƙona gidan abokin nan.

Na san abubuwan da za a ce mini, don na ji su a zaure. Na farko, ana yaƙi, mutane na kwana da yunwa, kai kana maganar tsohon bango. Gaskiya ne, kuma ni ma na ga ajinmu ya koma ɗakin kwanan iyalan da suka gudo daga Madani bayan Disambar 2023, da waɗanda suka biyo su daga Sinja. Ba na neman a cire fam ɗaya daga abincin kowa. Sai dai yaƙin nan ne ya koya mana gaggawar abin. Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Hartum, wanda aka buɗe a 1971, an wawashe shi. Gidan Halifa a Umdurman bai tsira ba, fadar Sarki Ali Dinar a Fashir ta lalace, ɗakin karatun Cibiyar Muhammad Umar Bashir a Jami'ar Ahliyya ya ƙone. Abin da aka riga aka rubuta aka ɗauki hotonsa ana iya cigiyarsa a duniya. Wanda ba a rubuta ba ya tafi ke nan. Allah ya tsare Gadarif daga mafi munin wannan bala'i, bai kamata mu rushe da hannunmu abin da harsashi ya bari ba.

Na biyu, wasu malamai suna tsoron kada kula da tsoffin wurare ya buɗe ƙofar neman tabarraki da kaburbura. Ina girmama wannan tsoro. Amma auna bango da rubuta sunan wanda ya gina shi ba ibada ba ce, ilimi ne, kuma addininmu ya kwaɗaitar da mu duba abin da na baya suka bari don mu ɗauki darasi. Kewaye maƙabarta kada tarakta ta nome ta kuwa haƙƙin mamata ne a kanmu. Nawa ne daga cikin tsoffin maƙabartunmu suka shige cikin mashru'in dawa da riɗi, ba wanda ya ɗaga murya?

Na uku, tsoron hukuma. Dattijo ya ce mini, in muka rubuta, gobe a zo a ce ba namu ba ne. Wannan tsoro yana da tushe, don dokar tana ɗaukar kayan tarihi a matsayin dukiyar ƙasa, kuma tana hana rushe gini ko sauya shi ba da izini ba. Shi ya sa nake raba aikin gida biyu. Rubutawa da ɗaukar hoto namu ne, ba ya buƙatar izinin kowa. Neman rajista a hukumance kuwa sai jama'ar gari sun zauna sun yarda, an karanta musu dokar da harshen da suke ji, an fayyace a rubuce cewa sallah da karatu za su ci gaba a wurin. Kundayen ajami da Alƙur'anan hannu da ke gafakar iyalai kuma a ɗauki hotonsu a gaban masu su, a bar musu abinsu.

Na huɗu shi ne ya fi ƙarfi: tsohon ginin ƙasa yana iya kashe mutane. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a shekarun 1830, wani sashensa ya rufta kan masallata a Agustan 2023, aka rasa rayuka. Ba wanda zai ce a bar mutane ƙarƙashin azarar da gara ta cinye don son tarihi. Darasin shi ne a riƙa dubawa, a riƙa gyarawa, in ya zama dole a rufe wurin har a gyara. A Jenne ta ƙasar Mali duk shekara gari ne yake fitowa a yi wa babban masallaci yaɓe. A Yama, wani ƙauye a jihar Tawa ta Nijar, magini Falke Barmu ya fara gina wa mutanensa masallacin ƙasa a 1962, kuma a 1986 ginin ya ci lambar yabon Aga Khan. Ƙauye ne kamar namu, ƙasa ce kamar tamu. Bambancin kawai su ba su ji kunyar ta ba. Mu kuwa mun ɗauka ginin ƙasa alamar talauci ne, siminti kuma alamar Allah ya yi mana arziki.

To me za a yi? Zan fara da mu malaman makaranta, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma babu ƙauyen da ba mu a ciki. Kowane malami ya ɗauki littafin rubutu ɗaya da ɗalibai biyar. A zaga gari a rubuta duk gini ko wurin da dattawa suka ce ya girme su. A sa sunansa da inda yake, a ɗauki hotonsa daga gabas da yamma da kudu da arewa da kuma ciki, a auna tsawo da faɗi ko da igiya ne. A naɗi muryar dattijo biyu ko uku daban-daban, maza da mata, don tsofaffin mata sun fi riƙe wa ya haifi wa da shekarar da aka yi kaza. In ba su san shekara ba, a tambaye su: kafin jirgi ne ko bayansa? Kafin yaƙin Italiya ko bayansa? Zamanin wane umda? Abin da ba a tabbatar ba a rubuta cewa faɗa aka yi, kada a ƙara gishiri. A yi kwafi uku, ɗaya a masallaci, ɗaya a makaranta, ɗaya a aika wa wani amintacce a wajen gari. Hartum ta nuna mana illar ajiye komai a wuri ɗaya.

Iyayenmu umdodi da shehunan ƙauyuka da lajnonin masallatai, roƙona gare ku ɗaya ne, Allah ya ƙara muku girma. Ku sa doka a garuruwanku cewa ba za a rushe masallaci ko zauren tsangaya da ya girmi dattawan gari ba sai an yi shela an jira wata guda. Filin Allah da yawa a karkara. A gina sabon a gefe, tsohon ya zama ɗakin karatun yara ko wurin i'itikafi. 'Yan'uwanmu masu aiko da kuɗi daga Saudiyya da sauran wurare, ku ware ɗan kaso don yaɓe da indararo da sauya azarar tsohon. Ba zai kai kuɗin fankokin sabon ba, kuma ina fata ladan bai ragu ba.

Ga gwamnatin wilaya da Hai'atul Asar da Jami'ar Gadarif kuwa, muna neman a fitar da jerin wuraren tarihi na kowace mahalliya a fili, a liƙa shi inda talaka zai gani, a bayyana ofishin da gari zai kai takarda in yana son a duba masa wuri. Muna kuma neman kada a sake yin babban aiki ba a rubuta abin da zai shafe ba, har da na mutanen da suke raye. Lokacin da ruwan madatsar Aswan zai ci Wadi Halfa a shekarun 1960, duniya ta taru aka kwashe gine-ginen Buhen da Samna dutse-dutse aka kai Hartum. Da aka yi madatsar Atbara da Sitit da aka buɗe a 2017, ƙauyukan bakin kogi sun nutse da masallatansu da maƙabartunsu, aka mayar da mutane sababbin matsugunai. Ku tambayi yaran da aka haifa a can su kwatanta muku garin iyayensu, ku ji abin da za su iya faɗa.

Ni dai na fara, ko da yake a makare. Na koma ƙauyenmu da ɗalibai huɗu, muka zauna da dattawan da suka rage, suka zana mana masallacin a ƙasa da sanda, inda ginshiƙai suke da inda alƙibla take, muka kwafe a takarda. Na roƙi mai awakin nan ya ba mu ƙyauren, na yi masa alkawarin na kwano a madadinsa, ya kuma amince. Muna da sunan maginin, muna da sunan unguwar da aka ce ya fito a Kano. Bangon dai ba zai dawo ba.

A ƙauyenku wataƙila naku yana nan tsaye. Ku je ku duba shi wannan makon, da waya a hannu da dattijo a gefe, kafin wani ɗan gari mai kyakkyawar niyya ya aiko da kuɗi. Allah ya jiƙan waɗanda suka gina mana, ya kawo mana ƙarshen wannan yaƙi, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.